Sunana a Saman Allo

Abin da na fara gani da na shiga lakol ɗinmu, wato makarantarmu, ran Litinin ɗin nan waya ce. Baƙa ce, mai kaurin ɗan yatsa, ta fito ta tagar ajinmu, ta ratsa tsakar fili, ta shige ƙarƙashin ƙofar ɗakin littattafai. An danne ta da guntayen bulo don kada a yi tuntuɓe, inda bulo ya ƙare kuma wani ya ɗora warin takalmin roba. Na tsaya na dube ta, sannan na tsallake a hankali kamar mai tsallake maciji.

Hutu ake yi, ga zafin bazara, amma darekta ya aika aka kira mu, mu ashirin 'yan ajin ƙarshe na lise, babbar sakandaren Gazawa. Ya ce malaman jami'a ne suka zo daga Maradi a koya musu karantarwa ta na'ura, malami yana wani wuri ɗalibi yana wani wuri. An zaɓi garinmu ne saboda rezo na intanet yana zuwa yana ɗaukewa, wuta ma haka, wanda ya iya a nan zai iya ko'ina. Mu ne ɗaliban gwaji, tunda baɗi in Allah ya yarda mu za su karantar.

Samarin ajinmu, da ke ce wa kowane malami mushe, sun ji daɗi. Ɗaya ya ce, "Yau mushe ne zai sha jarabawa, mu muna kallo. Allah ya sa a ba mu jan bik, alƙalamin ba da maki."

Ni ban yi dariya ba, don tun jiya da la'asar ɗaya daga cikin malaman ta sauka a gidanmu da jakarta. Mahaifiyata ce.

Ni ce ɗiyarta ta fari. Tun da aka yaye ni aka kawo ni wurin kakata, wadda kowa ke ce wa Inna, ita kuma ta zauna Maradi da babana da ƙannena. Yaya nake ce mata. Ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba ta taɓa kallona ido cikin ido ba. In tana son ruwa ina tsaye a gabanta, sai ta ce, "Inna, a ce ma ƙawarki ta ɗebo ruwa." In ta kawo mini atamfa, a kan gadon Inna take ajiyewa. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba. Haka matan zuri'armu suke da ɗan fari, kuma mutanen unguwa suna yaba mata, suna cewa duk bokon da ta yi bai ci mata kunya ba.

A cikin aji an rataye wani babban allo mai haske a kan allonmu na alli, an manna ƙaramar lasifika a ƙarƙashinsa. Kowane benci an ajiye tablet. Mai ba da horon wata mata ce daga Yamai, doguwa, mai tabarau da igiya a wuya, kowa na ce mata Madam har malaman da suka girme ta. Da Faransanci take magana, Hausarta ta gaisuwa ce kawai. Ta nuna mana sunayenmu a jere a gefen allon, kowa da sunan ubansa, ta nuna mana wani ɗan hoton hannu a ƙasan tablet.

Ta ce, "Malaminku yana can ɗakin littattafai. Ba ya ganin fuskokinku, sunayenku kawai yake gani. In kuna da amsa ko tambaya ku taɓa hannun nan. Sunan wanda ya fara taɓawa zai hau sama, ya zama rawaya, shi kuma malami zai kira shi."

Ranar farko dariya muka sha. Wani dattijo mai furfura ya yi minti goma yana bayani ba mu jin komai, bakinsa kawai ke motsi. Wani ya kusanto kamara har ba ma ganin komai sai hancinsa da gashin ciki. Wani da rezo ya ɗauke ya daskare da baki a buɗe, samari suka ce hamma ta kama shi har abada. Ni ina bencin gaba, gefen taga, ina kallon wani gawo da ke bayan katanga, kore shar a cikin wannan zafi, duk sauran itatuwa sun yi furu-furu.

Ran Talata da hantsi aka zo kan Yaya.

Allon ya yi duhu, ya haska, sai ga ta. Lulluɓinta ruwan toka, wanda na goge mata da safe. Ta gyara zama, ta ɗaga kai, ta dube ni.

Na san ba ni take kallo ba. Madam ta riga ta faɗa musu, mun kuma ji, cewa ɗan baƙin idon kamara za su kalla, ba takardunsu ba. Amma a bencin da nake, idanunta a cikin nawa suke. Shekarata goma sha bakwai, sai ranar na san cewa akwai ɗan tabo a ƙasan girarta ta hagu, kuma in za ta faɗi abu mai muhimmanci tana ɗan runtse ido ɗaya. Na nemi in sunkuyar da kai kamar yadda na saba, na tuna ba ta ganina, na bar kaina a ɗage.

Ilimin ƙasar noma take karantarwa. Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka ba. A gida muryarta ƙasa-ƙasa ce, nan kuwa ta cika ajin. Ta sa hoton wata gona, gero ya yi tsawo a wuri ɗaya ya gajarce a sauran, a tsakiyar wurin mai tsawon akwai itace.

Ta ce, "Wa zai faɗa mini abin da ya sa gero ya fi kyau a ƙarƙashin gawo?"

Na sani. Gonar Inna da ke hanyar Agye tana da gawo huɗu, kuma tun ina ƙarama take hana a taɓa ko da ɗan tsironsa lokacin sassabe. Ganyensa da damina yake zuba, bai tare wa shuka rana, ganyen ya ruɓe ya zama taki, da rani kuma bisashe su kwanta a inuwarsa su bar nasu. A ajinmu kowa ya san ni ba na ɗaga hannu. Shekara uku a lise ban tuna ranar da na ɗaga ba, don in na ɗaga sai in ji kamar duk ajin hammatata suke kallo. Amma wannan hannun ba ya buƙatar a ɗaga komai. Yatsa kawai za ki ɗora.

Na ɗora.

Sunana ya tashi daga tsakiyar jerin ya hau sama, ya zama rawaya. Na ga idonta ya sauka gefe, inda sunayen suke. Na ga ya tsaya. Ta taɓa bakin lulluɓinta, ta ja shi gaba kaɗan. Wani ya taɓa nasa a bayana, sunansa ya fito a ƙarƙashin nawa, sai ta kira shi da sauri. Ya ce wai don gawo yana da albarka. Ta ce to, ta yi bayanin da kanta.

Da a nan na tsaya, da ban rubuta wannan ba. Amma ta sake tambaya, na sake taɓawa. Ta yi ta uku, na taɓa. Ba zan ce ban san abin da nake yi ba. A karo na uku babu wanda ya taɓa sai ni, sunana shi kaɗai yana haske a sama, ita kuma ta yi shiru har muka ɗauka rezo ne ya ɗauke. Sannan ta ce, "Bari mu ci gaba."

Wadda ke zaune kusa da ni, 'yar unguwarmu ce, ta mintsine ni a cinya. Ta raɗa mini, "Ke, ba ki da tsoron Allah? So kike ta haɗiye harshenta?"

Darasin ya ƙare, allon ya yi duhu. Muna tattara kaye, littattafan rubutunmu, sai lasifika ta yi ƙara, muka ji an ja kujera. An kashe kamara, an manta ba a kashe abin magana ba. Muryar Madam ta fito sarai.

Ta ce darasin ya yi kyau, hotunan sun yi kyau, kallon kamara ma ya fi na kowa. "Amma akwai ɗaliba ɗaya da ta ɗaga hannu sau uku, kin tsallake ta sau uku. Ba ki gan ta ba ne?"

Yaya ta ce, "Na gani, Madam."

"To me ya faru?"

Na ji ƙarar fanka a can ɗakin.

Madam ta ce, "Kin ga, ɗalibin da ke nesa ba shi da komai sai sunansa. A aji kina iya nuna shi da yatsa, kina iya gyaɗa masa kai. A nan in ba ki kira shi ba, to babu shi. Gobe ba zai dawo ba, kuma ba za ki san ya tafi ba. Ran Alhamis, a gwajin ƙarshe, za ki buɗe da gaida kowa da sunansa, kuma wannan yarinyar zan sa ido a kanta musamman. In haka ta sake faruwa ba zan iya sa hannu a takardarki ba. Kin kuma san wanda ba shi da takardar ba za a ba shi aji baɗi ba, balle ku da ba a tabbatar da ku a aiki ba tukuna."

Yaya ta ce, "To, Madam."

Shi ke nan abin da ta ce. Kalma biyu ce za ta warware komai, ɗiyata ce, amma wannan ta fi sunan ma nauyi a bakinta. Madam kuwa ba ta da hanyar sani. Sunan babana ke bayan nawa, Yaya kuma da sunan ubanta take aiki. Darekta ya shigo da gudu ya zare wayar lasifikar. Babu wanda ya yi dariya, har samarin. Rabin ajin sun san ko ni wace ce, sauran kuma an faɗa musu kafin mu kai bakin ƙofa.

A gida ba wanda ya ɗaga maganar. Na share tsakar gida, na sake sharewa. Bayan la'asar Yaya ta kifa turmi a gindin itacen bedi, ta jingina wayarta da gwangwanin madara a kai, ta zauna a tabarma tana gwada buɗe darasi. Ni ina madafa ina tsince wake, zana ce kawai tsakaninmu. Tana karanta sunayen 'yan ajinmu ɗaya bayan ɗaya, tana yi wa kowa barka da zuwa. Na san jerin da ka, shekara uku ana kiransa kowace safiya. Na tara, na goma, na sha ɗaya. Da ta zo na sha biyu sai ta ja numfashi. Na daina tsincewa. Na ji kaza tana tona a bayan randa. Sai ta kira na sha uku.

Ta koma farko. Sau huɗu na ƙirga, kuma kowane karo ramin nan yana nan, daidai tsawon sunana.

Inna ta shigo madafa da sandarta, ta zauna a kan kujerar tsugunno tana nishi. Labari ya riga ya iso ta, don uwar mai mintsinata ta biyo da rana wai aron rariya.

Ta ce, "Ƙawata, ashe kina da hannu? Ni na ɗauka a aljihu aka haihe ki da shi."

Na ci gaba da tsince wake.

"Shekara nawa mushenku na aiko mini wai ba ki magana a aji. Sai yau da kika ga uwa... da kika ga baƙuwata, sannan bakinki ya buɗe."

Na ce, "Ban yi magana ba, Inna. Taɓawa kawai na yi."

"Taɓawa! Ai kunama ma taɓawa takai." Ta ɗebi wake ta watsa wa kazar. "Mi kike so ta yi? Ta hwaɗi sunanki cikin lasifika, ɗiyan mutane ashirin na saurare, gobe a kai shi kasuwa? Ni da kike gani, kawunki babba har ya yi jikoki ban taɓa kiran nashi ba. Ko a asibiti da suka tambaye ni, maƙwabciya na jawo ta hwaɗa."

Na ce, "Za a hana ta aji baɗi."

Inna ta gyara riƙon sandarta. Ta san shekarun da Yaya ta yi tana karatu da goyo a baya, ta fi ni sani. Can ta ce, "To ran Alhamis ki kwanta. In ce musu zazzaɓi. Ga kanki ma da zahi."

Na yi ta juya wannan a raina. Da farko na ga ita ce mafita. Sai na tuna abin da Madam ta ce, ɗalibin da ba a kira ba gobe ba zai dawo ba. In ta duba bencin gaba ran Alhamis ta ga babu ni, za ta ce ga shi nan, ta kori yarinyar. In kuma na je, sunana yana jerin, na sha biyu, ko na taɓa ko ban taɓa ba. Zuwana matsala, rashin zuwana matsala, kuma da yatsana na jawo.

Akwai wani abin da ban faɗa wa Inna ba. Ba na son in kwanta ran Alhamis. Ina son in sake zama a bencin nan. Darasin minti arba'in ne, kuma ban san ko zan sake samun minti arba'in irinsu ba.

Da za a ci tuwo Yaya ta wanke hannu, ta ce, tana kallon kwano, "Inna, a ce ma ƙawarki amsar da ta so ta bayar, na san ta sani."

Inna ta ce, "Ga ta nan zaune, kunnenta biyu."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Na tashi kamar zan ɗebo ruwa, na tsaya a bayan randa har suka gama.

Ran Laraba ban taɓa hannun ba ko sau ɗaya. Malamai uku suka yi, dattijon nan ya koyi kunna abin magana, samari suka tafa masa. Madam tana zuwa ajinmu tana komawa can, kowane karo tana tsallake wayar ba tare da ta duba ƙasa ba. Sau biyu ta tsaya a bencina ta yi mini murmushi, irin wanda ake yi wa wanda aka zalunta. Ya fi mini ciwo fiye da mintsinin.

Da aka tashi na yi jinkirin tattara kayana har kowa ya fita. Na bi wayar da ido, sannan na bi ta da ƙafa, bulo bayan bulo, na wuce warin takalmin, har bakin ɗakin littattafai. Malaman sun tafi sallar azahar. Madam ita kaɗai ce, ta cire takalmi ta ɗora ƙafa a kan kwali, tana cin ƙuli-ƙuli tana buga ordinater, wato kwamfuta. Na ga kujerar da Yaya ta zauna, da kamarar a gabanta. Ƙarama ce ƙwarai, ba ta kai ƙwayar gujiya ba. Wannan ɗin take kallo.

Na yi sallama, ba ta ji ba. Na sake.

Madam ta ɗago. Ta kira sunana nan take, ba ta ko duba takarda ba, ta ce in shigo. "Kada ki damu da abin da ya faru jiya. Gobe za ta kira ki, na yi mata magana."

Na tsaya riƙe da kaye a ƙirji. Duk Faransancin da na shirya a hanya ya watse. Na dubi yatsun ƙafarta, an yi musu lalle ya fara goguwa.

Na ce, "Madam, ba za ta iya ba."

"Me ya sa?"

A rayuwata ban taɓa faɗa wa kowa ba, don a Gazawa ba a buƙatar faɗa. Na ji kamar ina tuɓe wa Yaya lulluɓi a tsakiyar kasuwa. Na ce, "Ita ta haife ni. Ni ce ta fari. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kuma ba ta cewa nata ne. Ba ƙina take ba. Ni ce na taɓa, alhali na sani."

Madam ta ajiye ƙuli-ƙulin. Ta cire tabarau ta bar shi yana lilo a igiyarsa. Ta dubi kujerar da Yaya ta zauna. Daga waje na ji muryoyin malaman suna dawowa daga masallaci, da ƙarar buta da wani ya ajiye a kan siminti. Na san in Yaya ta same ni a nan, ni da ita ba za mu san inda za mu sa ido ba. Sai na yi sauri.

Na ce, "Don Allah, Madam, kada ki faɗa mata na zo. Gobe in lokacinta ya yi, ki cire sunana daga jerin, ki ɗauke tablet ɗina ma in kin so. Amma ki bar ni in zauna a bencin gaba."